Hular da Goggo Ba Ta Ƙarasa Ba

Wanda ya ba mu aron Goggo ya karɓi abinSa ranar kasuwar Tambuwal, da hantsi. Shi ya sa labarin ya yi saurin bazuwa: waɗanda suka zo cin kasuwa daga Kebbe da Jabo da shi suka koma gida a kan babura. Kafin la'asar ƙofar gidanmu ta cika da takalma. Ni aka sa in riƙa jera su a gindin bango, don haka na ga takalman masu gaisuwa kafin in ga fuskokinsu. Yawancinsu silifas ne na mata, da jar ƙasar hanya a jikinsu.

Kowa da Goggon da ya zo yi wa kuka. Baba, wanda ƙaninta ne, yana amsa gaisuwa, yana ta murza carbi. Wasu dattawa da suka yi aiki da ita a Sakkwato sun zauna a zaure suna ba da labarin zamanin da ita kaɗai ce mace a ɗakin kwamfutar ma'aikatarsu, lokacin da sai ƙarti sun taru kafin a ɗaga kwamfuta ɗaya. A cikin gida kuwa matan da ke ɗinkin hula ne suka fi yawa. Wata ta ɗaga wayarta sama tana kuka tana cewa, "Ga ta nan ciki, wallahi ga ta nan ciki!" har sai da Inna, mahaifiyarmu, ta rungume ta ta zaunar da ita.

Aminiyar Goggo, wata tsohuwa mai ɗinkin hula daga Kebbe, ita ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Goggo ta miƙe ƙafafu, ta dubi labulen ta ce, "Haka anka yi da ke? Ki tafi ki bar ni da rabin hula?"

Mutane sun ɗauka ruɗewa ce. Ni na san hular da take nufi.

Ina rubuta wannan ne don ƙannena, waɗanda za su girma su ji ana cewa Goggo ba su san ko wace ce ba.

Allah bai ba ta haihuwa ba, mu ne 'ya'yanta. Bayan ta yi ritaya ta dawo gida, Baba ya gyara mata ɗakin da ke kusa da bishiyar darbejiya. Tabarau biyu gare ta, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kuma kullum na goshin take nema. Tana yi wa kwamfutarta magana kamar yadda ake yi wa akuya mai ɓarna: "To, ci gaba, ina kallonki." Idan ta gama aiki sai ta lulluɓe ta da wani farin ƙyalle mai ɗinkin fure. Ni ba mai yawan magana ba ce, ita kuma ba ta son a yi mata surutu tana aiki, shi ya sa ni kaɗai take bari in zauna a bayanta. Ina kallon baƙaƙen layukan da take rubutawa, ba Hausa ba, ba Turancin makaranta ba, ina mamakin yadda tsohuwa mai goro a kumatu take ba ƙarfe umarni ya bi.

Abin da ta gina shafi ne a intanet don masu ɗinkin hula. A da sai mace ta jira mai zane ya zana mata da biro a kan yadi. Idan kuma nata zanen take so, sai ta gwada da allura, in bai yi ba ta farke, yadin ya cika da huji. A shafin Goggo jikin hular ne a shimfiɗe, an raba shi ƙananan gidaje. Ka taɓa gida, ya ɗauki launin zaren da ka zaɓa. A ƙasa akwai kibiya biyu, ɗaya tana kallon baya, ɗaya tana kallon gaba. Ta bayan ita ce mata suka fi so. Sun sa mata suna "Na fasa". Ka danna ta, abin da ka yi na ƙarshe ya ɓace, babu huji, babu tabo. Na ga wata tsohuwa ta ɓata gida da gangan ta danna, ta sake ɓatawa ta sake dannawa, tana dariya har da hawaye.

Wannan kibiyar ce ta fi ba Goggo wahala a duk aikin.

Ba a daɗe da fara amfani da shafin ba aminiyarta ta kira ta da wayar maƙwabta. Muryarta har ni ina ji: "Ke, wanga abin naki ya kashe min waya! Ta yi zafi awa garwashi, ta ƙi gaba ta ƙi baya!"

"Ba mutuwa ta yi ba," in ji Goggo, "ƙoshi ta yi. Gani nan tafe."

Baba ya ce ta bari a aiko da wayar, hanyar Kebbe ba ta tsofaffi ba ce. Ta ce likita ba ya duba mara lafiya ta saƙo. Muka hau kabu-kabu, wato babur na haya, ni a tsakiya riƙe da jakarta, duk ramin da muka faɗa sai ta ce "La'ilaha" ta ƙara riƙe mayafinta.

A can ta zauna a tabarma ta juya wayar, ta taɓa bayanta da kumatunta kamar mai duba zazzaɓin yaro. Sannan ta ce, "Laifina ne. Duk sanda kika taɓa gida guda, sai abin ya kwafe hular gaba ɗaya ya aje, don in kin ce kin fasa ya fiddo miki ta baya. To hula bisa hula bisa hula, ina ƙwaƙwalwar wagga 'yar waya za ta sa su?"

"Ashe ke ma kina wauta," in ji aminiyarta.

"Nika yi. Ban dai kai ki ba."

Da muka dawo ta kwana biyu ba ta fita hira. Ta sauya abin yadda shafin ba zai ƙara kwafe hula gaba ɗaya ba, sai dai ya riƙe ɗan bayani kaɗan: gida kaza, da fari ne, ya koma kore. Idan kuma ka ja layi ba ka ɗaga yatsa ba, duk tsawonsa taku ɗaya ne. Sannan ta sa wa takun iyaka. Idan jerin ya cika, kowane sabon taku da ya shigo sai mafi tsufa ya fita.

Ranar ce na yi mata tambaya, abin da ban cika yi ba. Na ce, "Goggo, wanda ya fita ɗin ina yake zuwa?"

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Babu inda yake zuwa, ɗiyata. Aikinshi yana nan bisa hula. Hanyar komawa gare shi ce ta rufe."

Tana da wata tsohuwar waya mai tsagaggiyar fuska da aka ɗaure da roba. Alƙali take ce mata. Duk abin da ta gyara sai ta fara gwada shi a kan Alƙali. Idan Alƙali ta ɗauka, to kowace waya a Jabo za ta ɗauka. Idan ta ƙi, Goggo ba ta musu, sai ta koma ta rage kaya.

Rigimarta da Yaya a kan wannan iyakar ce. Yaya babban wanmu ne, kwamfuta yake karanta a jami'a, kuma Goggo ce ta fara ɗora yatsunsa a kanta. Yana gida hutu wata mata ta zo daga Jabo idonta jawur. Ta daɗe tana haɗa wani zane, sai ta ajiye wayar ta shiga girki, ɗanta ƙarami ya ɗauka ya yi ta shafa yatsa yana wasa. Da ta dawo ta yi ta danna "Na fasa" har kibiyar ta tsaya, amma ɓarnar yaron ba ta ƙare ba. Takunsa sun riga sun tura nata waje.

Yaya ya ce, a gaban matar, "Goggo, da ba ki sa iyaka ba da yanzu aikinta ya dawo."

"Da ban sa ba da wayarta ta sume tun kan yaro ya taɓa ta."

"To a riƙa aje tarihin can a babbar na'ura mana. Komi da komi, kar a yar da ko guda."

"Can ina? Malam Injiniya, ka taɓa neman sabis a Jabo? Sai ka hau bisa rumbu ka ɗaga hannu."

"Ai duniya ta ci gaba, Goggo."

"In ta ci gaba ta bar Jabo, ni ina nan tare da Jabo."

"Ga Jabon nan tana kuka gabanki."

Ban taɓa ganin an rufe wa Goggo baki ba sai ranar. Baba ya leƙo ya ce wa Yaya, "Kai, da yayata kake?" Yaya ya fita. Da zai koma makaranta ta dama masa fura kamar kullum, ya ce ya ƙoshi. Kwanon ya wuni a rufe da faifai, da yamma ta ba ni na shanye.

Amma ita matar Jabo ba ta koma hannu wofi ba. Goggo ta zaunar da ita a kan gadonta, ta ce, "Faɗa min, nan wane launi ne?" Matar tana tunowa Goggo tana gyarawa, gida bayan gida, tun azahar har rana ta yi sanyi, ba ta ko miƙe ƙafa ba sai don salla. Bayan haka kuma ta ƙara wani abu a shafin, ta sa masa suna Zango. Idan aikinka ya kai wurin da ya gamshe ka sai ka danna, a adana hular kamar yadda take a lokacin, ko an kashe waya tana nan. Takun dai suna nan da iyakarsu, kuma suna raye ne kawai muddin shafin yana buɗe. Ba ta taɓa cewa Yaya ya yi gaskiya ba. Shi ma bai ce ta yi ba. Suna gaisawa a waya, gajeriyar gaisuwa.

Da aka sa ranar aurensa sai na ga ta fara wani sabon zane, kore da shuɗi a kan fari, wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Ta ce da ni, "Na wancan mai taurin kan ne. In kin faɗa mai, ni da ke ne." Ta kira aminiyarta ta ce ta tanadi zare. Ciwon ajali ya kama ta tana tsakiyar aikin. Ranar da aka kai ta asibiti ba ta rufe shafin ba, ƙyallen kawai ta ja a kai, kamar mai dawowa bayan salla.

Washegarin rasuwa, gida cike da baƙi, kowa yana neman inda zai sa caji, don ɗakin Goggo ne mai soket ɗin sola. Na shiga ɗaukar tabarma sai na ga ɗan hasken da ke gefen kwamfutar ya sauya launi. Wani kawun Baba ne daga Kebbe ya zare igiyarta ya sa wayarsa. Batirin kwamfutar ya tsufa, ba ya jimawa. In ta mutu, takun Goggo sun tafi. Na tsaya a bakin ƙofa, don ban san yadda zan buɗe baki in yi wa dattijo magana ba. Sai na durƙusa na raɗa wa aminiyarta.

Ta ɗaga murya har zaure: "Alhaji! Wa za ka kira da wagga waya? Duk wanda ka sani a duniya yana tsakar gidan nan! Zo ka zare abarka!"

Har masu kuka sai da suka yi dariya. Na mayar da igiyar, hasken ya dawo.

Da baƙi suka ragu na kira Yaya na ɗage ƙyallen. Ya ga zanen, ya ga sunansa a samansa, ya zauna a ƙasa. Sai na danna kibiyar baya. Gidan ƙarshe da ta cika ya koma fari. Na sake dannawa, wani layi ya ɗauke. Muka yi ta komawa har kibiyar ta tsaya. Sannan na fara danna ta gaba.

Ban san yadda zan kwatanta abin da muka gani ba. Hannunta ne yake tafiya a kan hular, babu ita. Ga inda ta sa kore, ta rufe shi da shuɗi, ta sake rufe shi da kore. Ga yadda take fara kwanar zane daga ciki ta fito waje, ba kamar kowa ba. Can kusa da ƙarshe wani layi ya ɗan karkace ya hau gidan da ba nasa ba, lokacin da hannunta ya fara rawa. Daga nan sai gida ɗaya, sai wani, sai kibiyar ta tsaya cak. Nan ta tsaya. Inna da ke tsaye a bayanmu ta ce, "Allahu Akbar," a hankali.

Yaya ya ce kar wanda ya rufe shafin. Kar kuma a taɓa ko gida ɗaya, don jerin a cike yake, duk sabon taku zai fitar da nata guda. Ya ce ba zai iya faɗaɗa iyakar ba sai an sake buɗe shafin, sake buɗewa kuwa shi ne share komai. Ya danna Zango ya tura zanen cikin Alƙali don kar ya salwanta, ya kuma ɗauki bidiyon tafiyar takun da wayarsa. Amma bidiyo ba ya amsa yatsa. Duk safiya bayan asuba sai in same shi a ɗakin yana komawa baya yana dawowa.

Damina ce, rana ba ta zama. Idan hadari ya wuni sola ba ta cika, sai Inna ta haƙura da fanka, mu kuma mu haƙura da fitila, don kwamfutar ta rayu. Fankar da ke cikinta ta fara wani kuka kamar tsohuwa mai tari, ƙasanta kuma zafi. Wata rana fuskarta ta yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci, Yaya ya dafe kai, sannan ta farfaɗo.

Aminiyar Goggo ta dawo daga Kebbe da zarenta a ƙulle a bakin zane. Idonta ya yi rauni, da safe kawai take iya ɗinki, biki kuma yana matsowa.

Yaya ya ce da tsohuwar, "Inna, a ƙarasa zanen cikin waya, wannan a bar ta yadda take."

Ta leƙa kwamfutar, ta saurari kukan fankar. "Har yaushe?"

Ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba:

"Ɗan nan, kun mai da ƙarfe kushewa kuna gadi. Wagga abar tana shirin bin uwargijiyarta, ko kurma ya ji. Ni na san ta tun muna tallan fura, ban taɓa ganin ta bar aiki buɗe don a zo kallo ba. Tabarmar da ta fara saƙa a kai, a nan za a ƙarasa ta."

Ya daɗe yana kallon zanen. Shi ne fa mai cewa kar a yar da ko guda. Sai ya matsa gefe ya ce da ni, "Ke kika san hannunta. Gara su ƙare a cikin aikinta da hadari ya cinye su a banza. Zauna."

Na zauna a kujerarta, ƙafata ba ta kai inda tata take kaiwa ba. Na yi bisimilla na cika gida na farko. Babu abin da ya nuna a fuskar kwamfutar, amma na san can a ƙasan jerin wani abu ya fita. Idan na rasa yadda zan yi kwana sai in koma baya in kalli yadda ta yi tata, in dawo gaba har ƙarshe, sannan in kwaikwaya. Kullum hanyar komawa wurinta tana gajarta. Inda ta yi shakka tsakanin kore da shuɗi ya fita. Kwanarta ta fita. Karkataccen layin ma ya fita.

Ranar da na kusa gamawa na koma baya har kibiyar ta tsaya, na ga duk takun nawa ne sai na can ƙarshe: gida ɗaya kore, wanda ta cika kafin ta ja ƙyalle. Na dawo gaba. Duk gidan da na ƙara cikawa yanzu, nata na ƙarshe zai fitar. Na je na kira Yaya, na nuna masa.

Ya danna baya, ya kalli gidan ya ɓace, ya danna gaba ya kalli ya dawo. Ya yi haka sau da yawa. Sannan ya dawo da jerin har ƙarshe, ya tambaye ni, "Ina ne na gaba?" Na nuna masa. "Wane launi?" Na ce shuɗi. Ya sa yatsa ya cika.

"Kin yi gaskiya, Goggo," ya ce. Ya goge fuska da hannun riga. "Ni ma dai na yi."

Na ƙarasa sauran kafin azahar. Ya danna Zango, ya rufe shafin, ya kashe kwamfutar. Da fankar ta yi shiru sai muka ji tsuntsaye a kan darbejiya. Ni na lulluɓe ta da ƙyallen.

Ranar ɗaurin aure na leƙa ta tsakanin zana na hango shi a cikin taro. Hular ta zauna masa daidai. Babu wanda zai iya nuna inda hannunta ya tsaya nawa ya fara. Amma a bayan kunnensa na dama akwai wani koren layi da ya ɗan hau gidan da ba nasa ba. Na taɓa tambayar tsohuwar ko in gyara shi kafin ta ɗinka, ta ce in na taɓa sai ta karya min yatsa.

Ya Allah, baiwarKa ce da ta ɓata ƙarfinta tana nema wa mutane hanyar gyara kuskure ba tare da tabo ba. Ka shafe nata kurakuran, Ka bar mata ayyukanta na alheri, Ka yalwata makwancinta. Mu da ta bari, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.